Shin ƙungiyar malamai ce ta hana a buɗe makarantu lokacin korona?

Wata sabuwar malamar firamare a nan Sakkwato ta aiko da wannan tambaya: "Baba, wata uku ke nan da na fara koyarwa, har an fara cire mini kuɗin ƙungiya a albashi. Mahaifina kullum cewa yake ƙungiyar malamai ce ta zaunar da yara gida lokacin korona, don albashinsu na shiga ko sun je aiki ko ba su je ba. Ni ina ajin ƙarshe na sakandare a lokacin, ban san yadda aka yi ba. Gaskiya ya faɗa?"

Ɗiyata, ki gaishe mini da mahaifinki. Ki ce masa wani tsohon hedimasta ya ce akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, sai dai ya bar jaki yana dukan taiki. Ina riƙe da makarantar firamare a bayan gari a shekarar da ake magana, na kuma daɗe cikin harkar ƙungiya kafin in yi ritaya, saboda haka zan faɗa miki har da inda na ga mun yi kuskure.

Mu fara da wanda makulli yake hannunsa. Ranar 18 ga Maris 2020 gwamnonin Arewa maso Yamma suka zauna a Kaduna, suka sanar da cewa za a rufe makarantu na kwana 30 daga Litinin 23 ga wata. Washegari ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ba da nata umarnin. A lokacin ba a tabbatar da ko mutum ɗaya mai cutar a jihar Sakkwato ba, sai cikin Afrilu aka samu. Kwana talatin ɗin nan shi ne ya zama sama da wata shida ga yawancin yara. Makarantun firamare suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da ƙananan hukumomi 23, sakandare tana hannun ma'aikatar jiha, kwalejojin tarayya kuma, waɗanda guda 104 ne a lokacin, Abuja ke juya su. Duk cikin waɗannan babu inda ƙungiya ke sa hannu a takardar buɗewa ko rufewa. Makamin ƙungiya biyu ne, baki da yajin aiki, kuma yajin aiki ba ya da wani tasiri a makarantar da gwamnati ta riga ta garƙame da kwaɗo.

Ke da kanki shaida ce a kan wannan, ko da ba ki sani ba. Ranar 8 ga Yuli ministan ilimi, Malam Adamu Adamu, ya fito ya ce makarantun tarayya ba za su shiga jarrabawar WAEC ta shekarar ba, yana ganin gara a yi asarar shekara da a jefa yara cikin haɗari. Minista ne ya faɗa, ba shugaban ƙungiya ba. Da aka yi ta ce-ce-ku-ce, wasu jihohi suka ce su kam yaransu sai sun rubuta, aka sake zama, aka ce 'yan ajin ƙarshe su koma ranar 4 ga Agusta, jarrabawa ta fara ranar 17. Ku ne kuka koma da takunkumi a fuska. Kwalejojin tarayya sai 12 ga Oktoba suka buɗe wa sauran azuzuwa, jihohi kuma kowace ta sa ranarta. Ko a Janairun 2021 da cutar ta sake tasowa, kwamitin ilimi na Majalisar Wakilai ne ya nemi a ɗage komawa da wata uku, gwamnati ta tsaya kan ranar 18 ga wata.

Abu na biyu da ke rikita mutane shi ne, idan an ce "ƙungiyar malamai" sai a haɗa kowa a tukunya ɗaya. Wadda ake cire miki kuɗinta ita ce NUT, ta malaman firamare da sakandare na gwamnati. ASUU daban take, ta malaman jami'a ce, kuma ta shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani ranar 23 ga Maris 2020, daidai ranar da aka rufe makarantunmu, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Rigimarta a kan tsarin biyan albashi na IPPIS ce da yarjejeniyar da ta ƙulla da gwamnatin tarayya a 2009 da ba a cika ba. Duk uban da ɗansa ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gan shi wata tara a zaure yana danna waya, kuma a ransa korona da yajin aiki sun zama abu guda. Ina kyautata zaton wani ɓangare na haushin mahaifinki daga nan ya samo asali.

Akwai kuma na uku, malaman makarantun kuɗi. Masu makarantun suna da ƙungiyarsu, NAPPS, kuma ita ce ta fi kowa matsa lamba a buɗe, don ba kuɗin makaranta ba albashi. Malaman da ke koyarwa a ciki kuwa yawancinsu ba su da mai magana da yawunsu. Wata rana cikin azumin shekarar na tare ɗan kabu-kabu kusa da Babbar Kasuwa, sai da na hau ya waiwayo ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba?" Tsohon ɗalibina ne, yana da NCE, yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi. Tun da aka rufe bai ga ko sisi ba, babur ɗin ma na wansa ne. Ya ƙi karɓar kuɗina, ni kuma na ƙi sauka sai da ya karɓa. Idan ana lissafin abin da malamai suka so a lokacin, a sa shi cikin lissafi, domin shi ma malami ne, kuma da za a buɗe a ranar da ya fi kowa murna.

To, ita NUT me ta ce? Matsayinta bai ɓoyu ba. Ta ce kada a buɗe sai an tanadi ruwa da sabulu, da takunkumi, da na'urar auna zafin jiki, an yi feshi, an rage cunkoso a aji. Shugabanta na ƙasa a lokacin maƙwabcinmu ne, Dakta Nasir Idris na Kebbi, wanda ya zama gwamnan jihar a 2023. Kuma ba sabon matsayi ba ne. A 2014 lokacin Ebola, Malam Ibrahim Shekarau yana ministan ilimi, an fara sa ranar komawa 13 ga Oktoba, daga baya aka jawo ta zuwa 22 ga Satumba, ƙungiyar ta ce wa 'ya'yanta kada su koma sai an kawo kayan kariya an horar da su. Ƙungiya ce da aka kafa tun 1931, kuma tun daga lokacin aikinta kare malami ne. Wanda ya yi mamakin ta tsaya kan lafiyar mambobinta bai san abin da ake biyan kuɗin ƙungiya dominsa ba.

Tsoron kuwa ba na ƙarya ba ne. Yanzu da ƙura ta lafa kowa ya zama jarumi, amma ki tuna a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu kullum sai an ji rasuwar wani dattijo a Kano, malaman jami'a da manyan ma'aikata da masu sarauta. Cutar ba ta cika kayar da yara ba, manya take nema, musamman mai ciwon suga ko hawan jini. Ki duba ɗakin malamai na kowace tsohuwar firamare, ki ƙirga masu furfura da masu shan maganin hawan jini. Allurar rigakafi ba ta iso Najeriya ba sai 2 ga Maris 2021. Mutumin da ya kusa ritaya, mai 'ya'ya goma sha, a ce ya shiga ɗaki da yara casa'in, ba rigakafi, ba tabbacin wanda zai biya masa kuɗin asibiti, idan ya yi jinkiri ba za a kira shi malalaci ba.

Bari in ba ki labarin awo. Da ƙa'idojin buɗe makarantu suka fito daga Abuja cikin Yuli, an ce a bar tazarar mita biyu tsakanin yaro da yaro. Na aro tef wurin wani magini, ni da mataimakina muka shiga aji uku. Tsawonsa mita takwas, faɗinsa bakwai. Muka riƙa aunawa muna ɗiga alli a ƙasa, kowane ɗigo mazaunin yaro ɗaya. Ko da mun matse wurin allo, ɗigon bai wuce goma sha shida ba. Na buɗe rajista, suna casa'in da huɗu. Mataimakina ya yi shiru yana lissafi da yatsu, can ya ce, "Wato sau shida za mu karantar da darasi guda ke nan, Malam." Muka fita waje muka tsaya kan famfon tuƙa-tuƙa, wanda ya shekara biyu ba ya kawo ruwa. Daga baya an kawo mana bokitai masu famfo guda huɗu da na'urar auna zafi ɗaya. Ruwan bokitin wurin 'yan ga-ruwa nake saye da kuɗin aljihuna, na'urar kuma batirinta ya mutu a mako na biyu, maigadi ya ci gaba da nuna ta a goshin yara a bakin ƙofa don kada a ce ba mu bi doka ba.

Saboda haka da ƙungiya ta ce makarantu ba su shirya ba, gaskiya ta faɗa. A nan ne kuma kuskuren yake, kuma a nan mahaifinki yake da abin kamawa.

Sharuɗɗan da aka gindaya ba waɗanda za a iya cikawa a shekara ɗaya ba ne, ko a shekara biyar. Gwamnanmu na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun farkon mulkinsa, dalili kuwa ƙarancin azuzuwa da malamai da kayan aiki tsohon ciwo ne. Idan ka ce ba za a buɗe ba sai aji ya koma yaro ashirin, kowace makaranta ta sami ruwa, to a fakaice ka ce kada a buɗe ke nan. Ni kaina na tsaya a wani taron malamai na faɗi haka da ƙarfi, aka tafa mini. Da niyya mai kyau na faɗa, ina ganin ga dama ta samu da za a tilasta wa hukuma ta gyara abin da ta daɗe tana kauda kai a kansa. Abin da ban lissafa ba shi ne wanda zai biya kuɗin jiran. Ni albashina na shiga ƙarshen wata. Ba don albashi muka ƙi komawa ba, wannan ƙazafi ne, amma albashin ya sa zaman gida bai yi mana zafi ba, wanda kuma wuta ba ta ƙona shi ba ya gaggawar neman ruwa. Wannan kam dole mu amsa.

Kuma ina yaran suke a watannin nan? Ba a ɗaki suke a killace ba. Suna kasuwar Kara suna dako, suna tashar mota da farantin talla, suna gindin famfon unguwa sun yi cincirindo. A unguwarmu karatun allo na zaure bai tsaya ba sai na ɗan lokaci. An sassauta wa kasuwa, an koma sallar Juma'a, motocin haya sun cika maƙil, makarantar boko ce kaɗai ta rage a kulle. Rufe makaranta yana rage yaɗuwar cuta ne idan yaron zai zauna gida. Inda zai bar aji mai mutum casa'in ya shiga kasuwa mai mutum dubu, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Wani abin da ya ƙara ba ni haushin kaina, daga baya masana suka tabbatar cewa cutar ta iska ta fi yaɗuwa, a ɗakin da yake rufe, ba ta taɓa benci ko ƙofa ba. Mu kuwa azuzuwanmu rabin tagoginsu babu marfi, iska na shiga tana fita yadda ta ga dama, ga inuwar dogon-yaro cike da harabar makaranta. Talaucin da muke kuka da shi ya ba mu abin da Turawa suke kashe kuɗi su samu. Da mun raba aji gida biyu, wasu safe wasu bayan azahar, rabi a ciki rabi a gindin itace, muka ce malami mai ciwo ko mai yawan shekaru ya zauna gida da albashinsa, matasa irinku su riƙe, da an koma da wuri. Ba sai mun je Denmak ba, wadda ta mayar da ƙananan yara aji tun 15 ga Afrilu. Jamhuriyar Nijar ta buɗe nata ranar 1 ga Yuni. Yaron Birnin Ƙonni yana aji, ɗan'uwansa na Illela, tafiyar 'yan mintuna a babur, yana gida. Akwai dai waɗanda suka fi mu daɗewa: Kenya sai Janairun 2021 ta buɗe gaba ɗaya, Uganda kuwa sai Janairun 2022.

An yi darussa ta rediyo da talabijin, kuma waɗanda suka yi aikin sun yi ƙoƙari. Amma yaron aji biyu da bai gama gane baƙi da wasali ba, rediyo ba ya kama masa hannu. A gidaje da yawa rediyon ma na maigida ne, yana rataye a kafaɗarsa a gona. Karatu ta intanet kuwa zancen 'ya'yan ma'aikata ne a cikin gari. Da muka koma, na shiga aji biyu na rubuta "ba, bi, bu" a allo, yaran da na bari suna haɗa kalma suka zuba mini ido. Sai da muka koma farko.

Waɗanda suka dawo ke nan. Rufewar ta haɗa da damina ɗungurungum, maza suka bi iyayensu gona, wasu daga can suka wuce ci-rani. Mata kuwa labarinsu daban. Akwai wata yarinya 'yar aji shida, ita ke zuwa ta ɗaya, ita nake sa wa ta karanta wa baƙi idan masu duba makarantu sun zo. Mako biyu ban gan ta ba, na hau babur na tafi ƙauyensu. Na iske uban a ƙofar gida yana gyaran galma, ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ce, "Malam, ku kunka ce a zamna gida, ba ku ce ga ranar komawa ba. Ɗiya ta girma, mi za ni yi da ita? An ɗaura tun bayan Salla." Ba da faɗa ya yi maganar ba. Na nemi abin da zan ce masa na rasa, don a gaskiya ba mu faɗi rana ba. Na sha furata na yi godiya na taso.

Ba mu gama farfaɗowa ba aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana guda 16 da ke kan iyakoki, sai ga satar ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021, ga ta Birnin Yawuri a Yuni. Yaron gabashin jihar nan ya fita daga wata rufewar ya shiga wata. A ƙasar da a lokacin UNICEF ke cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa, duk ranar da aka rufe ƙofa akwai wanda ba zai sake shigowa ba.

Idan mahaifinki mai sauraren labaran duniya ne, wataƙila ya ji inda ƙungiyoyi suka yi ƙarfin da yake zato. A Ingila, farkon Janairun 2021, babbar ƙungiyar malamai ta shawarci mambobinta kada su shiga aji, makarantun firamare da yawa suka buɗe kwana ɗaya tak, da daddare Firayim Ministan lokacin, Boris Johnson, ya sanar da rufewa. A birnin Chicago na Amurka, Janairun 2022, malamai suka ƙaɗa ƙuri'a cewa ba za su koyar ido da ido ba, aka yi kwana biyar ba karatu. Can ana iya cewa ƙungiya ta tare ƙofa. A nan murya ce cikin muryoyi, an saurare ta inda ta yi daidai da abin da gwamnati ke so, don ita ma gwamnati rufewar ta fi mata arha da gina azuzuwa. Abin da malamai suka samu a shekarar ma ba ruwan famfo ba ne. Ranar 5 ga Oktoba 2020 Shugaba Buhari ya yi alkawarin albashi na musamman da ƙarin shekarun aiki, daga baya a 2022 ya sa hannu a dokar ritaya a shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Famfon makarantarmu har na bar aiki bai kawo ruwa ba.

Abin da na lura da shi a duk zaman da aka yi, gwamnati na da wakili, malamai na da wakili, masu makarantun kuɗi na da wakili, likitoci na da wakili. Yarinyar ƙauyen nan ba ta da kowa. Akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kwamitocin kula da makarantu na unguwanni, amma a yawancin ƙauyuka suna ne a takarda. Wanda ya san sunan yarinyar, ya san gidansu, ya san abin da zai faru idan ta yi wata shida a gida, malaminta ne. Da mu ya kamata mu kai maganarta teburin, tare da tamu.

Kada ki ɗauka an wuce wurin. Sanƙarau ya yi mana ɓarna a 2017, mu da Zamfara da Katsina da Kebbi, amai da gudawa kuma kusan kowace damina sai ya leƙo. Wata rana za a sake cewa a rufe, kina cikin aiki. Ki riƙa zuwa taron reshe, kada ki bar wa maza da tsofaffi, kuɗinki ne ake cirewa. Idan aka kawo jerin sharuɗɗa, ki tambaya wanne ne za a iya yi cikin mako biyu da abin da ke hannu, a ware shi daban da wanda sai an yi kasafin kuɗi. Ki nemi duk sanarwar rufewa ta zo da ranar da za a sake duba lamarin, ranar da za ki iya faɗa wa uba a ƙofar gidansa. Maganar famfo da cunkoso kuwa yanzu ake yin ta da lafiya lau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin nan, gobe idan kin shiga aji, ki sa kowane yaro ya kawo lambar wayar wani babba a gidansu, ko ta maƙwabci, ki rubuta da sunan unguwa da na mai unguwa. Mu da aka rufe ba mu da ko ɗaya, shi ya sa sai da na yi mako biyu kafin in san inda zan nemi yarinyar nan. A bayan rajista za ki rubuta, ki kuma kwafe a wani littafi ki tafi da shi gida, don ranar da aka rufe makaranta rajistar tana cikin ofis, makullin kuma yana wurin hedimasta.